Ni da ke zuba ruwana a kwata, kuɗin ruwan ƙazanta na mene ne?

Uwar Tuwo:

Assalamu alaikum jama'a. Ina da ɗan gidan abinci a Wuse, nan Abuja, shekarata ta biyu ke nan. Masa da safe, tuwon shinkafa da miyar taushe da rana, ranar Juma'a dambu. Tukwane shida, yara uku. Satin da ya wuce mai ginin ya aiko min da kasona na takardar shara, sai na ga ban da kwashe shara akwai wani kuɗi daban, wai na ruwan ƙazanta. Mu masu shago huɗu banɗaki ɗaya muke da shi. Ruwan wanke-wanke kuwa yarana a baho suke tarawa, in ya cika su kinkima su juye a kwatar bakin titi, wanda ya rage ya bi ta wurin wanke kwanuka. Tunda ban cika wa kowa bututu ba, me zan biya?

Na biyu, ranar Talata wani ma'aikaci ya tsaya ya ga ƙaramin yarona yana juye bahon, ya ce in ya sake gani sai dai mu haɗu a kotu. Kwata ba don ruwa aka yi ta ba? A Kano inda na tashi, rariyar kowane gida cikin kwata take zuba, babu wanda ya taɓa ce mana uffan.

Mai Famfo:

Wa'alaikumus salam Hajiya. Gashina a aikin bututu ya yi fari, rabi a Garki rabi a Wuse, bari in ba ki abin da hannuna ya taɓa.

A ƙarƙashin titin ƙofar shagonki hanyoyin ruwa biyu ne, kuma ba sa haɗuwa. Haka aka tsara tsofaffin unguwannin birnin, Garki, Wuse, Maitama da Asokoro. Ɗaya rufaffen bututu ne, shi ke ɗaukar na masai da na wanka da na kicin, gangare ya tafi da shi har matatar Wupa da ke wajen Idu, wadda aka buɗe a 2007. A can ake tsame leda da tsumma, a hura wa ruwan iska don ƙwayoyin halitta su cinye dattin, a bar laka ta kwanta, sannan a saki ruwan cikin rafi. Ɗayar ita ce kwatar da yaranki ke juye baho. Ta ruwan sama ce kawai. Babu wata matata a gabanta, yadda kika zuba haka zai faɗa rafi, da sabulunsa da manjansa da guntun tuwonsa. A can ƙasa kuwa akwai masu wanki, akwai masu ban-ruwan alayyafo.

Kuɗin da kika gani na bututun farko ne. Hukumar kare muhalli ta Abuja, AEPB, ita ke kula da shara da ruwan ƙazanta duka, shi ya sa suke zuwa tare. Ruwan famfo kuma hukumarsa daban, kada ki haɗa. Muddin banɗakin nan naku a kan layin yake, ginin yana cikin masu biya, ko da bahonki bai taɓa ganin bututun ba. Da a ce a Nyanya ko Karu kike, inda yawancin gidaje ramin sokawe suke da shi, da maganar ta zama ta kiran motar kwashe masai in ya cika.

Amma fa kada ki ji na ce bututun ƙazanta ne wurin ruwanki ki sa yara su riƙa antaya komai a ciki. Maiƙo shi ne babban abokin gabarmu. Yana shiga da zafinsa kamar ruwa, ya yi 'yar tafiya kaɗan ya huce, ya manne a jikin bututu. Gobe wani ya hau kansa. Na taɓa buɗe ramin bayan wani gidan abinci, abin da na tarar fari ne tas, ya daskare kamar sabulun salo, sai da muka sa ƙarfe muka riƙa ɓanɓarowa, wari kuwa kwana biyu yana bin rigata. Masai ɗin maƙwabta ne ya fara tumbatsa, su da ko ƙwai ba su soya ba.

Maganinsa ɗan akwati ne da ake sawa tsakanin wurin wanke kwanuka da bututu, mai katanga biyu a ciki. Ruwa ya shiga ya nutsu, maiƙo ya taso sama, ƙanzo da shinkafa su kwanta ƙasa, ruwan tsakiya ne kaɗai ke wucewa. Duk birkilan kirki zai gina miki shi da bulo. Aikinki kawai ki sa a yaye saman da ludayi a kai a kai, a ƙulle a leda a sa cikin shara. Tukwanen miya kuma a kwalfe su, a goge da takarda kafin su ga ruwa.

Sai abu ɗaya. Ki sayi bula ta wanki, ki dama a bokiti, ki juye a wurin wanke kwanukan, wani ya tsaya bakin kwata, wani ya ɗaga murfin ɗan ramin da ke bayan gini. Inda shuɗin ya fito, can ruwanki ke tafiya. Kada ki yarda da bakin kowa sai kin gani.

Ɗan Jakara:

Yaya, da kika kawo misalin Kano sai da na yi dariya. Gaskiya ne babu wanda ya ce mana uffan, amma rafin Jakara ya faɗi abin da ke bakinsa. Mu da muka tashi a gefensa mun san launin ruwan da warinsa, mun kuma san yadda damina ke zuwa da amai da gudawa. Mu ba mu da bututun ƙazantar ne shi ya sa. Ke da Allah ya kai ki inda ake da shi, ki biya abinki. Ma'aikacin nan ma ya yi miki adalci da ya tsaya a baki, don akwai kotun tafi-da-gidanka ta masu laifin muhalli, tana cin tara, ana kuma garƙame shago.

Baƙon Landan:

Maganar Baba Mai Famfo kan maiƙo babu ƙari. A 2017 an tarar da wani dunƙulen kitse da tsummokin goge jiki a bututun unguwar Whitechapel a nan Landan, nauyinsa tan 130, tsawonsa mita 250, aka shafe makonni ana farfasa shi. Dokar ruwa ta 1991 ta haramta zuba duk abin da zai toshe ko ya lalata bututun jama'a. A takardar ruwanmu har ruwan saman da ke sauka daga rufin gida ana cajinsa, sai in ka nuna cewa naka cikin ƙasar gidanka yake nutsewa, sannan a rage maka.

Mai Shago a Garki:

Ni inda zan sa baki shi ne rabon. Hajiya, ki ce wa mai ginin ya nuna miki ainihin takardar da aka kawo, ba abin da ya rubuto da hannunsa ba, ki kuma duba yarjejeniyar hayarku ko an ce wa zai biya. In kun biya, ki karɓi kwafin rasit ki ajiye. Sai dai ki shirya jin magana: in cikin ku huɗun akwai tela da mai sayar da waya, ranar da suka gane tukwane shida ake wankewa a ginin za su ce rabo daidai bai yi ba.

Uwar Tuwo:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba Mai Famfo, jiya bayan la'asar na yi gwajin bular. Yaro ɗaya a bakin titi, ni da mai gadi a kan ramin baya, mun toshe hanci muna leƙe. Shiru. Sai ga ihun yaron daga waje, wai Mama ga shi nan! Ashe duk wanda ya haɗa wurin wanke kwanukan tun kafin zuwana, cikin bututun indararo ya jona shi. Ke nan ba baho kaɗai ba, duk ruwan kicin ɗina shekara biyu kwata yake bi, ni ina nan ina cika baki. Na kira mai ginin ya zo ya gani da idonsa, ya yarda zai ɗauki gyaran bututun, ni in ɗauki ginin akwatin. Kasona kuma na biya da safen nan, rasit na cikin jakata. Baba, akwatin na tukwane shida, bulo nawa zai ci? Kuma a cikin kicin ake gina shi ko a waje? Don ba na son warin nan ya iso wurin da mutane ke cin masa.