Neman shawara: ta ina za mu samo tallafin gina lambun tunawa da mamatanmu?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina cikin kwamitin iyalan da suka rasa mutanensu a ambaliyar da ta auka wa birninmu. Filin da gidajen suke a bakin kogi yanzu ya zama juji. Burinmu a mayar da shi lambu: bishiyoyi, kujerun zama, da bango mai ɗauke da sunayen waɗanda suka rasu. Mun rubuta wa wata gidauniya, sai suka dawo mana da takardar da tambaya biyu: filin na wane ne, kuma wa zai kula da wurin bayan an gama? Hukumar birni da baki kawai ta ce mu ci gaba. Don Allah masu sani, yaya za mu yi?

Tsohuwar ma'aikaciyar gidauniya:
Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya jiƙansu. Ba kore ku suka yi ba, hanya suka nuna muku. Maganar baki ba ta shiga fayil. Ku nemi yarjejeniya a rubuce, da sa hannu da hatimi, cewa an keɓe filin don lambu kuma ba za a yanka shi filoti ba in shugabanci ya canza. Mafi kyau ma hukumar ta shiga a matsayin mai nema tare da ku, don akwai kuɗaɗen tallafin da hukumomin gwamnati kaɗai ake ba. A Amurka, asusun kula da filaye da ruwa da aka kafa da dokar 1964 jihohi da ƙananan hukumomi yake ba, rabi yake biya su kawo rabi, kuma dole wurin ya ci gaba da zama na jama'a.

Tambaya ta biyu ce ta fi kayar da mutane. Na sha ganin zane mai kyau, an lissafa siminti da tayil da fitilu, amma babu layi ɗaya na albashin mai gadi ko mai ban ruwa. Mai karanta takarda kuwa abin da yake hangowa shi ne famfo ya karye, ciyawa ta rufe sunaye, ga allon gidauniyarsu a ƙofa. Shi ya sa dokar 1986 kan gine-ginen tunawa a Washington ta wajabta wa masu gini su ajiye kashi 10 cikin 100 na kuɗin ginin don kulawa. Ku sa irin wannan a kasafinku tun kafin a tambaye ku.

Injiniya:
Abin da Hajiya ta faɗa haka yake. Ƙari na: wurin da ruwa ya ci sau ɗaya zai dawo. A gwada ƙasar, bangon ya hau tudu. Kuma ku raba aikin gida biyu. Masu tallafin muhalli za su saurare ku kan bishiyoyi da magudanar ruwa, bangon sunaye kuwa sai masu harkar tarihi.

Wani dattijo:
Ni fa ban so ku zuba wa gidauniyoyi ido. Bangon tunawa da sojojin Amurka na yaƙin Biyetnam, wanda aka buɗe a 1982, da gudummawar jama'a aka gina shi, kusan dala miliyan 8.4. Ku fara da kanku, kowa ya kawo abin da ya samu, a ba shi rasit. Wanda ya sa kuɗinsa ba zai bari a zuba shara a wurin ba.

Mai tambaya:
Baba, yawancin iyalan nan ba su gama farfaɗowa ba, nauyi nake ji in ce su kawo kuɗi.

Tsohuwar ma'aikaciyar gidauniya:
Kada ka matsa musu. Aikin hannu ma gudummawa ce: kwashe shara, dasa itace, zanen da wani ya yi kyauta, duk ana ƙiyasta su a rubuta a matsayin kasonku. Kan haɗa kai da hukuma kuwa, ka dubi wurin tunawa da kisan ƙare dangi na Kigali, babban birnin Ruwanda, da aka buɗe a 2004: hukumar birnin ce ta haɗa hannu da ƙungiyar Aegis Trust mai yaƙi da kisan ƙare dangi. Amma kafin komai ku yi wa kwamitin rajista, ku buɗe asusun banki mai sa hannun mutum biyu, sannan ku bi gida-gida ku karɓi amincewar kowane iyali da yadda ake rubuta sunan mamacinsu. In kun samu takardar filin, turo min daftarin in duba muku kasafin.