Amosanin Gaɓɓai Mai Kumburi: Abin da Aka Fi Jaddadawa

Amosanin gaɓɓai mai kumburi (rheumatoid arthritis) ba ciwon tsufa ba ne; garkuwar jiki ce ke juyowa tana cin gaɓɓai, kuma ya fi kama mata. Yatsu da wuyan hannu kan kumbura dama da hagu, su sandare da safe fiye da minti 30.

Sai batun magani. Ibuprofen na rage zafi kawai, ba ya hana gaɓa lalacewa. Maganin methotrexate ke wannan aikin: ana shan sa sau ɗaya a mako, ba kullum ba (kuskuren nan na iya kisa), tare da folic acid (wani nau'in bitamin) da gwajin jini. Sai ya yi makonni kafin a ji sauƙi. Mai ciki ba ta shan sa. Mai shan sigari kuwa, ya bari.