Ƙodar da ta bayar: alheri ne ko biyan bashi?

Malamin Lissafi: Assalamu alaikum. Na gama littafinmu na wannan wata, kuma zan faɗi abin da na san ba zai yi wa wasu daɗi ba. Matar nan ta ba ɗan maƙwabciyarta ƙodarta, ta hana likita ya faɗi sunanta, kowa ya ce waliyyiya ce. Sai babi na 19 ya tona: shekara 12 da suka wuce ƙanwarta ta kwanta ciwo, ta yi ta kiranta a waya, ita kuwa tana fushi ba ta ɗauka ba, sai gawa ta tarar. Marubuciyar da kanta ta ce daren da aka yi wa matar aiki shi ne karon farko da ta yi barci mai nauyi tun rasuwar. Ruwa ba ya tsami banza. Ni a ganina ba alheri ta yi ba, kanta ta yi wa magani, yaron hanya ce kawai.

Uwar Biyu: Wa'alaikumus salam. Haba Malam! An tsaga cikin mace an cire mata ƙoda, ka ce kanta ta yi wa?

Ɗalibin Falsafa: Malam ba shi kaɗai ba ne a kan wannan ra'ayi. Ana ba da labarin Thomas Hobbes, masanin Ingila da ya rasu a 1679, cewa ya ba wani tsoho sadaka a titin Landan, wani malamin coci ya tambaye shi dalili. Ya ce halin tsohon ne ya sosa masa rai, da ya taimake shi sai shi ma ya samu sauƙi. Matsalar wannan tunani ita ce babu aikin da zai tsira daga gare shi. Wanda ya bayar ya ji daɗi, son kai ne. Wanda ya bayar bai ji daɗi ba, sai a ce gudun zargin zuciya yake. Idan kalma ta rufe mai kyauta da marowaci baki ɗaya, ta daina bambance komai.

Malamin Lissafi: Ban ce kowa ba, ƙanena. Ita na ce. Da ƙanwarta na raye, da ta bayar?

Ma'aikaciyar Jinya: Yaya Malam, bari in shigo, don a ɗakin wankin ƙoda nake aiki. Mai wannan ciwo yakan zo sau 3 a mako, ya kwanta wajen awa 4 injin na tace masa jini. Ruwan sha ma auna masa ake yi. Na taɓa ganin wata uwa tana jiƙa auduga tana goga wa ɗanta a leɓe saboda ya gama rabonsa na ranar, shi kuwa idonsa na kan butar. Shi ya sa wurin da ya sa ni kuka a littafin ba babi na 19 ba ne. Wurin da matar ta tsaya bakin taga bayan dashen, tana kallon yaron ya kafa kai ya shanye kofi guda har ruwa na bin haɓarsa, ta juya ta tafi ba ta shiga ba. Mai neman a wanke ta da ta shiga. Da ta so uwar yaron ta rungume ta, ta ce mata ke mutuniyar kirki ce.

Autar Zaure: Anti, ni ma a nan na ajiye littafin sai da na share hawaye.

Dattijon Zaure: 'Ya'yana, ku yi hankali da abu guda. Ayyuka suna tare da niyya, wannan shi ne hadisin da Bukhari ya buɗe littafinsa da shi. Kuma a cikin Muslim akwai mai kyautar da za a ce masa ya yi ne don a kira shi mai kyauta, an kuwa kira shi. To amma abin da ke ɓata sadaka an ambace shi a Baƙara aya ta 264: gori, da cutarwa, da yi don ganin mutane. Wanne matar nan ta yi? Ta ɓoye sunanta. Nadama kuwa ba riya ba ce, ƙofar tuba ce. Wanda ya yi laifi aka ce ya bi shi da kyakkyawan aiki ya shafe shi. Idan muka ce duk alherin da nadama ta haifa ba alheri ba ne, mun rufe wa masu tuba ƙofa.

Malamin Lissafi: Allah ya ƙara girma, Baba. Na karɓi cewa ba riya ba ce. Amma tuba ma ai amfanin kai ce.

Ɗalibin Falsafa: An gwada wannan a aikace, Malam. A 1981 Daniel Batson na Jami'ar Kansas a Amurka ya sa ɗalibai mata su kalli wata da suka zaci ana jona mata lantarki, aka ce wadda ta ga dama ta karɓi wurinta. Wasu an ba su damar tashi su tafi da wuri, wasu dole su kalla har ƙarshe. Idan damuwar kanka ce kawai ke cinka, tafiya ta wadatar. Waɗanda tausayinta ya kama su sun yarda su karɓi wurinta ko da ƙofar fita a buɗe take. Matar littafinmu ma tana da ƙofofi masu sauƙi: ta yi sadaka da sunan ƙanwarta, ta yi mata addu'a. Ta zaɓi ƙofa mai ciwo saboda ita ce ke ceton yaron. Barcin da ta samu ya biyo bayan aikin ne, ba shi ta je nema ba. Ai Bahaushe ya ce alheri gadon barci, bai ce mai alheri barci yake nema ba.

Uwar Biyu: Duk kun tsaya a zuciyarta kun manta da gidanta. Ni abin da ya tsaya min a rai daban ne. Tana da yara 2, ƙaramar ba ta shiga makaranta ba. Mijinta sai ana gobe za a yi aiki ya sani. Na ƙi maganar Malam, amma wannan ma ban iya haɗiye shi ba. Jikin uwa ba nata ba ne ita kaɗai. Da wani abu ya faru a ɗakin tiyata, wa zai gaya wa yarinyar nan dalili? Marubuciyar ta ba mijin shafi ɗaya tak, ya yi shiru, ya ɗauki jakarta zuwa mota. Wannan shirun ya fi min babi na 19 nauyi.

Ma'aikaciyar Jinya: Gaskiyarki, Yaya. Mutum na rayuwa lafiya da ƙoda ɗaya, amma aikin ba wasa ba ne, shi ya sa kafin a karɓa ake zama da mai bayarwa a tabbatar ba a matsa masa ba, kuma ya san abin da zai shiga. Littafin ya tsallake wannan zama gaba ɗaya.

Malamin Lissafi: Maganar taga ta shige ni, ba zan ɓoye ba. Na janye cewa yaron hanya ce kawai. Amma Uwar Biyu ta ba ni abin da na kasa faɗa tun farko: wadda ta ɓoye wa mijinta har daren ƙarshe, tsoro take kada a hana ta. Wannan tsoron nake so mu duba, na yaron ne ko nata.

Autar Zaure: Malam, a babi na 14 ta ɗauki waya za ta gaya masa har sau 2 ta ajiye. Zan sake karanta wurin yau da dare in kawo muku abin da ta ce wa kanta a karo na biyu.