Kwamfuta na yawan kawo shuɗin allo, ina mafita?

Tambaya: Salamu alaikum. Kwamfutar tebur ce mai Windows 10, RAM (ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta) guda biyu, 4GB kowanne. Ana cikin aiki sai shuɗin allo ya fito da MEMORY_MANAGEMENT, ta sake tashi da kanta. An sauya Windows, ba ta daina ba.

Amsa 1: Wa alaikumus salam. Tunda sabon Windows bai magance ba, RAM nake zargi. Kashe ta, zare wayar wuta, cire RAM ɗin duka biyu, ka ɗauki guda ɗaya, ka goge haƙoransa da roban goge fensir, ka tayar da ita da shi kaɗai. Sannan ɗayan. Ka sa MemTest86, manhajar gwada RAM, a filashi ya zagaya sau 4. Ko kuskure ɗaya ya fito a ja, wannan RAM ɗin ya tashi aiki.

Amsa 2: Malam, kafin ka sayi sabo, gwada mai kyan a ɗaya ramin da ake saka RAM. Wani lokaci ramin ne ya lalace.

Amsa 3: In RAM lafiya lau, wataƙila direba ce, wato manhajar da ke haɗa Windows da kayan kwamfutar. Buɗe fayilolin C:\Windows\Minidump da BlueScreenView, manhajar da ke karanta bayanan shuɗin allo, ka turo mana sunan da ya ƙare da .sys.