Dubu 150 ad da ni, wace waya za ni saye wadda ba ta tsayawa?

Maman 'Yan Biyu, Mabera:
Assalamu alaikum. Don Allah shawara nika biɗa ga masu sanin waya. Naira dubu 150 ad da ni, ba ƙari, kuma sabuwa nika so cikin kwali, ban son ta hannu. Aikinta ɗaukar hoton atamfa da leshi in ɗora ga WhatsApp, amsa masu saye, sai taransifa ta manhajar banki. Ban yin gem. Damuwata biyu: kada ta riƙa tsayawa in hotuna sun yi yawa, kuma batir shi kai ni dare, don wuta ba ta zama unguwarmu. An nuna mini Tecno Pop 8, Redmi 13C da Samsung A05, sai wata da anka rubuta 8GB ga kwalinta kuma ta fi su arha. Ranar Asabar nika son shiga titin Emir Yahaya, nan Sakkwato, in saye.

Ɗan Arkilla:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ki ƙara wani abu ki ɗauki iPhone 11 'yar Landan. In dai hoto ne, an gama magana.

Mai Gyara, Emir Yahaya:
Ɗan Arkilla, ta ce ba ƙari, ta ce ba ta hannu. Kuma batirin iPhone 11 ko yana sabo bai wuce 3,110mAh ba, balle wanda ya sha aiki tun 2019. Waɗanda ta lissafa duk 5,000 ne.

Hajiya, fara da wadda aka rubuta wa 8GB. Juya kwalin ki karanta ƙananan rubutun. In kin ga 4+4 ko 3+5, lambar farko ce RAM ta gaskiya, wato ƙwaƙwalwar da waya ke gudanar da manhajoji da ita. Ta biyun aro ce daga ma'ajiyar wayar, kuma ma'ajiya ba ta da saurin RAM, don haka ba ta hana tsayawa. Ki nemi 4GB na gaskiya, in kuɗin ya kai 6GB ya fi. Ma'ajiya kuma 128GB. Mai 64GB, tsarin wayar da manhajojin da ta zo da su sun riga sun cinye wani kaso tun ba ki kunna ba, ragowar kuma hotunan WhatsApp za su cika shi cikin 'yan watanni. Waya in ta cika maƙil dole ta yi nauyi, ko wane kamfani ya yi ta.

Sai injin. Redmi 13C da A05 inji ɗaya gare su, Helio G85. Pop 8 tana da Unisoc T606, bai kai G85 gudu ba amma ba laifi, sai dai Android Go ne a kanta, wato ƙaramin Android na wayoyi marasa ƙarfi, kuma kyamararta 13MP ce, cajinta 10W. Abin da za ki guje wa shi ne duk wayar da ke da SC9863A ko Helio G36, waɗannan su ke sa mutum ya danna manhajar banki ya zauna jira. A05 ba ta da wurin ɗora yatsa, kullum sai kin buga lamba, kuma ki leƙa kwalin, galibi igiya ce kawai babu kan caja. A cikin ukun nan, 13C mai 128GB.

Ɗan Arkilla:
To an ji. Amma 13C dubu 168 ake faɗi, ta wuce kuɗinta.

Mai Shago, Ahmadu Bello Way:
Wa ya ce 168? Mai 4GB da 128GB dubu 145 ce. Ta 168 mai 6GB ce ko kuma an yi maka kuɗin baƙo.

Ɗalibin Danfodiyo:
A Farm Centre ta Kano 138 ake bayarwa.

Mai Shago, Ahmadu Bello Way:
Ƙanena, lissafa kuɗin mota zuwa Kano da dawowa, sannan in ta yi matsala ka sake komawa da rasit. Kuma farashin waya na bin dala, na makon jiya ba na yau ba ne.

Kawun Yara, Gidan Igwai:
Ku dakata da zancen arha, don arhar nan ita tas sa wani dattijo maƙwabcinmu hawaye. Fanshonai yat tara, yat tafi sayen waya don shi riƙa ganin jikokinai ta bidiyo. Bakin wani shago wani yaro yat tare shi, yac ce yana da irinta sabuwa dal, ragin dubu 25. Kwali da leda da komi. Yab biya, anka rubuta mai rasit ga 'yar takarda, ba hatimi, ba lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar. Wata guda waya na aiki lahiya lau. Rannan da sahe allon yar rufe, rubutu yaf fito wai a biya kuɗin wata kafin a buɗe. Ashe wayar ta bashi ta, irin wadda aka ɗauka ana biya kaɗan-kaɗan. Yaron ya ba da kuɗin farko yak karɓe ta, yas saida ma tsoho, yab ɓace. Anka kai ta filashin har sau biyu, dubu biyar biyar. Tana buɗewa, da an kunna data sai ta koma ta kulle. Masu shagon sunka ce ba su san yaron ba, ba yaronsu na ba. Yanzu wayar tana cikin akwati, ga bashin da ya fi rabin kuɗinta na jiran wanda bai ci ba. Tsoho ko zancen bai son a yi mai. Wallahi abin ya ƙona min rai.

Uwar Marayu, Runjin Sambo:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya isar masa. Kawu, ba a kai maganar ga hukuma ba?

Kawun Yara, Gidan Igwai:
Da wace shaida, Hajiya? Takardar ko suna babu.

Mai Gyara, Emir Yahaya:
Irin wannan na zuwa teburin masu gyara sosai. Filashin ba ya cire shi, domin kullen ba a cikin fayilolin da ake gogewa kaɗai yake ba, an yi wa wayar rajista da lambarta a wurin masu bashin. Da ta hau intanet za ta gaya musu ga ta, su sake rufewa. Duk wanda ya karɓi kuɗinka ya ce zai cire har abada, ka yi hattara.

Ga yadda ake kauce masa, kuma ya shafe ki Hajiya ko a cikin shago za ki saya. A yanke ledar kwalin a gabanki. In an kunna, dole ta fara daga shafin zaɓen harshe. In ta buɗe kai tsaye zuwa manhajoji, wani ya riga ya taɓa ta. Danna *#06#, lambobi 15 na IMEI za su fito, ki gwada su da na jikin kwali ɗaya bayan ɗaya. Sa layinki, kunna data, ki bar ta minti goma a nan shagon. Shiga setin, wajen tsaro, ki nemi Device admin apps. Find My Device na Google, wanda yanzu ake kira Find Hub, ba matsala ba ne, amma in kin ga wata manhajar da ba ki sani ba kuma ta ƙi kashewa, ajiye musu kayansu. Rasit kuma mai sunan shago da hatimi, a rubuta IMEI da kwanan wata, don da shi ake neman garanti.

Ɗalibin Danfodiyo:
A yawancin Samsung kuma a danna *#0*#, za a ga wurin gwada launin allo, taɓawa, sifika da kyamara. Amma ni ban yarda da 13C ba. Ƙarshen 2023 ta fito. Akwai 14C ta 2024 mai batir 5,160mAh, akwai A06 wadda aka sa wa wurin yatsa. Ko ta daure ta kai ga Galaxy A15, Helio G99 da allon AMOLED mai kyan launi, ga alkawarin sabunta Android sau huɗu.

Mai Shago, Ahmadu Bello Way:
A15 ta haura dubu 200 nesa ba kusa ba. Ku 'yan jami'a a intanet kuke karanta waya, mu muke ganin wadda ake dawowa da ita.

Ɗalibin Danfodiyo:
Yallaɓai, da girmanka, mai sayarwa wadda ta daɗe a kanta yake fara yabo. Abin da na faɗa rubuce yake a shafin kamfanin.

Mai Shago, Ahmadu Bello Way:
Kamfani zai rubuta maka nawa ake canza allo a Sakkwato? Abin tambaya kenan. Tecno, Infinix da itel duk na Transsion ne, kayan gyaransu ko'ina akwai, ga Carlcare, wurin gyaran kamfanin. Allon AMOLED in ya fashe, na asalinsa na iya cin kusan rabin kuɗin wayar, in aka sa na arha kuma launi ya tafi. Mai 'yan biyu a gida, allo mai sauƙin canji ya fi mata. Spark 20 ma G85 ce, caji 18W.

Mai Gyara, Emir Yahaya:
Kowannenku na da gaskiya a wani wuri. Ɗalibi, injin 14C ɗan gidan su G85 ne, ba za ta ji wani bambancin gudu ba. Inda maganarka ta yi ƙarfi shi ne tsohon kaya: wayar da ta shekara biyu a kwali cikin zafin shago, batirinta ya riga ya fara gajiya. A duba watan da aka ƙera ta a jikin kwali. In kuɗinsu ya zo kusa, a ɗauki wadda ta fi sabunta. Alhaji mai shago kuma, maganar allo haka take.

Bafillacen Wamakko:
Ku saya mata mai tocila ku huta, caji ɗaya kwana biyar. Babarbaren da ke cikin nan ma ita yake riƙe, ya ce mai shafawa tana cinye masa kuɗin goro.

Babarbare a Sakkwato:
Ji wanda ke hawa bishiya neman sabis yana kiwo! Ardo, sayar da ɗan maraƙi ɗaya ka shigo gari mu zaɓa maka.

Anti Mai Leshi, Gawon Nama:
Kun bar abin da ya fi damun mai sayar da yadi, wato launi. 'Yar'uwa, 50MP da ke jikin kwali ba shi ne kyan hoto ba. Ƙananan wayoyin nan suna ƙara wa launi ƙarfi, ja ya koma kamar wuta, ruwan toka ya yi shuɗi-shuɗi, mai saye ta karɓi kaya ta ce ba shi ta gani ba. Ki tafi da ƙyallen atamfa mai ja da kore a jaka, ki ɗauka da kowace waya a ƙofar shago, ki kwatanta da idonki. A gida kuma ki ɗauka da hantsi a inuwa, ba cikin rana tsaka ba, ba ƙarƙashin ƙwan lantarki ba. Kashe AI da duk wani gyaran fuska na kyamarar, goge gilashin da tsumma mai laushi. Wajen tura wa mutum ki danna HD, in kuma tana son ganin zaren leshi sosai, tura shi a matsayin fayil, WhatsApp ba ya matse wannan.

Maman 'Yan Biyu, Mabera:
Na gode ƙwarai, Anti, wagga shawara ta yi. To batir hwa? Wace ta fi riƙe caji?

Mai Gyara, Emir Yahaya:
Kusan duk ɗaya ne, 5,000mAh da allon 720p zai kai ki dare in ba bidiyo kike kallo ba tsayawa ba. Abin da ke kashe batir a garin nan zafi ne. Daga Maris zuwa Mayu muna haura digiri 40, batirin lithium kuwa ba ya son caji cikin zafi. Cire mata riga in za ki yi caji, ɗora ta a kan siminti ko tayil, ba kan katifa ko ƙarƙashin matashi ba. Kada ki riƙa latsawa tana caji. Kada a bar ta gaban mota. In kin ga bayanta ya fara ɗagowa, batir ya kumbura, a canza nan take kada a danne.

Kawun Yara, Gidan Igwai:
Duk wanga bayani sai in akwai wutar da za a yi cajin. Mutane wurin masu caji da janareta suka kaiwa, kuma can aka kashe wayoyi.

Mai Gyara, Emir Yahaya:
Gaskiya ne Kawu. Ba janaretan kaɗai ba, cajojin da suke jerawa ne, na ɗari biyar marasa nauyi, babu abin da ke tace wuta a cikinsu. In wuta ta yi sama ta yi ƙasa sai ta wuce kai tsaye ta ƙona IC ɗin caji a fanel. Alamarsa, waya ta nuna tana caji amma lamba ba ta hawa, ko ta yi zafi wajen bakin caji. Duk mai kai caji ya tafi da kan cajarsa da igiyarsa, ya yi musu alama. Wanda ya samu hali ya sayi fawa bank mai 20,000mAh, shi za a kai caji, waya ta zauna gida. Amma kada a yi zaton zai cika waya sau huɗu, ana asarar wuta wajen juyawa, sau biyu da rabi ne in na kirki ne.

Uwar Marayu, Runjin Sambo:
Na kirkin nawa ne yanzu? An ce dubu 12.

Mai Shago, Ahmadu Bello Way:
Na dubu 12 rubutu ne kawai 20,000 a jiki. Mai kyau ya haura 20. Ɗaga shi ki ji, na gaskiya yana da nauyi a hannu.

Ɗalibin Danfodiyo:
Ga waya ga caji, saura data. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, abin da ake saye na wata ba ya kai wata. Sabuwar waya kuma ranar farko take zuƙe data da sabunta manhajoji. A shiga Play Store a mayar da sabuntawa sai da Wi-Fi, a kashe saukar da hotuna da bidiyo kai tsaye a WhatsApp, a kunna Data Saver.

Anti Mai Leshi, Gawon Nama:
Mu masu ɗora kaya kullum mu muka fi jin ta. Bidiyon leshi na daƙiƙa 30 sai ya yi ta juyawa, ya kai rabi ya katse, a sake daga farko, data ta tafi kaya bai hau ba. Bayan isha'i ma abin ya fi muni.

Bafillacen Wamakko:
Ku na cikin gari kenan. Wuce Kwalkwalawa kaɗan ku ga yadda 4G ke komawa E.

Maman 'Yan Biyu, Mabera:
To jama'a, Asabar jibi ta. In ɗauki 13C ɗin ko Spark 20, ko in rage in haɗa da fawa bank?

Kawun Yara, Gidan Igwai:
Ɗiyata, kowace kika ɗauka ki shiga cikin shago, kada ki tsaya bakin ƙofa. Wai ku na Mabera wane layi ka ja muku da dare? Nan wurinmu tun shekaranjiya ko saƙon murya bai fita sai an fito tsakar gida.