Ina za a je yawon ƙafa a Kamaru da motar ajans, wato bas ɗin kamfanin sufuri, ga wanda ba shi da mota?

Baban Fadila, Garwa:
Salamu alaikum jama'a. Dan Allah shawara nake nema. Wata uku ke nan likita ya ce min lallai in riƙa tafiyar ƙafa saboda hawan jini, to na fara, kullum bayan asuba ina fita daga unguwa in kai gadar Binuwai in dawo, amma gaskiya na gaji da kwalta da hayaƙin klando, wato baburan haya, ga zafin Garwa kun san shi, ƙarfe takwas na yi sai ka nemi inuwa. Ina da hutun sati biyu a Disamba, ni da ƙanena da babban ɗana muna so mu je inda za mu taka ƙasa ta gaske, mu ga dutse ko kurmi, in da hali ma har bakin teku don ni ban taɓa ganin teku da idona ba. Matsalar ba mu da mota kuma kuɗin shata ya fi ƙarfina. Wurin da motar ajans za ta kai mu nake so, mu sauka mu ƙarasa da ƙafa ko a moto. Wanda ya taɓa yi ya taimaka.

Ɗan Baladji, Ngaundere:
Wa alaikumus salam Baban Fadila, Allah ya ƙara sauƙi. Ai ba sai ka yi nisa ba, taho Ngaundere kawai, ka hau motar ajans ɗin Touristique ko Danay da safe, kafin la'asar ka iso in Allah ya yarda. Tun kuna hawan falez, babban tudun nan da ke bayan garin Mbe, za ka ji iska ta canza, garinmu ya haura mita 1000 a sama shi ya sa Disamba da asuba sai da rigar sanyi, kar ka zo da jallabiya kaɗai.

Ranar farko ku hau dutsen Ngaundere, wanda katon dutse ke zaune a kansa kamar an ɗora da hannu, daga shi garin ya samo suna, da yaren Mbum wai dutsen cibiya. Yana gefen gari ne, moto zai ajiye ku a gindinsa, hawan bai kai awa ɗaya ba ko da hutawa, daga sama kuwa gari duka a tafin hannunka har tashar jirgin ƙasa. Amma ni inda na fi so tafkin Tizon ne, ramin tsohon dutse mai aman wuta da ruwa ya cika, bishiyoyi sun kewaye shi, shiru sai kukan tsuntsaye. Hanyar zuwa can ita ce abin, tudu ne mai ciyawa da gajerun itatuwa, shanun Fulani na kiwo, ka yi ta tafiya kana ganin nesa ba abin da ya tare maka ido. Mu kan tafi a moto mu dawo da ƙafa. Ruwan Vina da ke zubowa daga dutse shi ma yana ta hanyar Meiganga, ba nisa. Tello ya fi su kyau duka don har bayan ruwan ake shiga akwai kogo, sai dai yana da nisa ta hanyar Belel, wuni guda zai ci muku, ku shirya da mai moton da zai jira ku.

Maman Ummi, Duwala:
Yaya Baban Fadila sannu da jiki. Maganar teku kam kar ka bari ta wuce ka, tunda har za ka kai Ngaundere ai ka rage hanya. Jirgin Camrail na tashi da yamma ya kwana a hanya ya shiga Yawunde da safe, ka je unguwar Mvan, nan motocin Kiribi, garin bakin teku, suke, ta Edeya ake bi. Ni ina zuwa Kiribi sarin kifi shi ya sa na san wurin. Daga cikin gari zuwa inda kogin Lobe ke zubowa cikin teku kai tsaye wajen kilomita 7 ne, za ka iya bin bakin ruwa da ƙafa a kan yashi, teku a damanka, kwakwa da kurmi a hagunka, wallahi ranar da na fara gani tsayawa na yi ina ta tasbihi. Ku fita da sassafe kuma ku tambayi masunta lokacin da ruwa ke janyewa, don in ya cika akwai wuraren duwatsu da ba a wucewa sai ku hau titi. Abu ɗaya nake roƙonka, yaron nan kar ka bar shi ya shiga ruwa ya wuce gwiwa, teku ba Binuwai ba ne, yana ja ta ƙasa.

A Lobe akwai masu kwalekwale da ke shiga da mutane cikin kurmi ta kogin, wannan shi ne kurmin da kake nema, duhu da rana tsaka. Ku yi ciniki ku gama kafin ku shiga, mu an taɓa yi mana, mun shirya kuɗi da wani sai da muka kai tsakiyar ruwa ya ce ai na tafiya ne ban da dawowa, raina ya ɓaci sosai ranar. Masallaci da 'yan uwa Hausawa akwai a gari, ba za ku rasa masauki da abinci ba.

Malam Sali, Marwa:
Na ga ba wanda ya ambaci Rumsiki, kuma duk ƙasar nan ban ga wurin tafiyar ƙafa kamarsa ba, duwatsun Kapsiki a tsaye kamar turaku, ka gangara kwari ka bi ta gonakin dawa da gidajen da aka gina da dutse. Mota tana kaiwa Mokolo daga Marwa, daga nan sai moto, hanyar kuwa mai wuya ce. To amma zan faɗa maka tsakani da Allah, wurin yana dab da iyakar Najeriya, kuma kowa ya san halin da Mayo Tsanaga ta shiga shekarun nan da Boko Haram. Ni da kaina ba zan ce ka ɗauki yaro ka tafi ba sai ka kira wani mazaunin can ya gaya maka yadda ake ciki a satin. In dai arewa kake so ka je Mindif, kilomita 25 ne daga Marwa, ku zagaya gindin dutsen da ƙafa, kar ku ce za ku hau kansa wannan sai masu igiya. Kuma duk ƙauyen da kuka shiga ku fara gaida mai gari, ku riƙe katin ɗan ƙasa a aljihu don jandarmomi a hanya.

Abu Zara, Njamena:
Baban Fadila abin da ya dame ni hawan jinin nan ne. Tafiya a shimfiɗe daban, hawan dutse daban, ka koma wajen likitan ka gaya masa kafin ka hau komai, maganin ma ka sa shi a aljihu ba a jakar da za a ɗaure saman mota ba. Kiribi kuwa ni ma burina ne, bututun man fetur ɗinmu na Doba a Chadi can yake ƙarewa tun 2003, mu ba mu taɓa ganin bakin ruwan ba.

Baban Fadila, Garwa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Abu Zara gobe zan koma asibiti in tambaya. Mun zauna da ƙanena mun tsayar, kwana huɗu a Ngaundere sannan jirgi zuwa Yawunde mu wuce Kiribi, Rumsiki sai wani lokaci in Allah ya kawo zaman lafiya. Ɗan Baladji, tikitin jirgin a ranar ake samu ko sai mun yanka tun muna isowa? Disamba ce, ina tsoron cunkoso.