Ƙididdiga na neman kayar da ni a aji ɗaya, ku ba ni shawara

Mai tambaya (a sakaya suna):
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina aji ɗaya a jami'a, ɓangaren kimiyya. Asali likitanci na nema, makin JAMB bai kai ba, Yayana ya ce in karɓi wannan kwas ɗin, in CGPA ya yi kyau baɗi a nema mini canji. Ban samu ɗaki a makaranta ba, daga gida nake zuwa, mota biyu nake hawa, lakcar ƙididdiga kuma ƙarfe takwas na safe ce, kafin in iso an cika gaba, sai can baya inda ba a jin komai. A sakandare lissafi bai taɓa ba ni tsoro ba, B3 na ci a WAEC. To an yi tes, 6 na ci cikin 20. Duk fomulolin handawut na haddace su, ko daga barci aka tashe ni zan kawo. An ba mu 4, 6, 8, 10, 12 a nemi sitandad dibiyeshin, wato ma'aunin tazarar lambobi daga matsakaicinsu, na samu 2.83, aka soke. An ce an jefa ƙwayar ludo biyu, mene ne yiwuwar jimilla ta zama 7, na ce 1/11 tunda daga 2 zuwa 12 lamba 11 ce, ita ma aka soke. Jarrabawa saura wata guda. Ya zan yi?

Ummu Hanan:
Wa alaikumus salam. Ba ki faɗa mana ba, kwas ɗaya ne ya haɗa ƙididdiga da yiwuwa, ko biyu ne? Kuma CA ɗinku, wato makin tes da aikin aji, 30 ne ko 40? Sai an san wannan a san makin da kike nema.

Baban Lissafi:
Ƙanwata, ajiye haddar nan, ita ta kayar da ke. Matsakaicin lambobinki 8 ne. Cire 8 daga kowace, ki ninka abin da ya fito da kansa: 16, 4, 0, 4, 16, jimilla 40. Ke kin raba da 5 kika samu 8, tushensa 2.83. Malam ya raba da 4 ya samu 10, tushensa 3.16. Na tabbata tambayar ta ce samfur ne aka ɗebo. In lambobin su ne duka jama'ar, a raba da n, wato adadin lambobin. In ɗibar wasu aka yi daga ciki, a raba da n−1, domin matsakaicin samfur ya fi kusa da lambobinsa fiye da matsakaicin jama'a na gaskiya, raba da n sai ya rage tazarar.

Ta ludo kuwa, lambobin nan 11 ba ƙarfinsu ɗaya ba. Ki ja layi shida a tsaye shida a kwance, gida 36. Jimilla 2 gida ɗaya gare ta, 1 da 1. Amma 7 tana da shida: 1 da 6, 2 da 5, 3 da 4, da juyinsu. Amsa 6/36, wato 1/6. Ba a raba 1 da adadin sakamako sai in kowane sakamako yiwuwarsa daidai take da ta ɗan'uwansa.

Mai tambaya:
Na gode Malam. Amma da haddar nan fa na ci WAEC. Kuma a handawut ɗinmu n kawai aka rubuta a shafin farko, ni abin da aka ba ni na bi.

Abu Sadik:
Ni ina ganin kalkuleta ce maganinki. A Casio fx-991ES Plus, danna MODE, 3, sai 1. Shigar da lambobin, kowace ki danna =. Danna AC, sai SHIFT 1, sai 4. Za ki ga σx da sx, na farko shi ne na n, na biyu na n−1. In tambayar mai tebur ce, sai kin kunna gurbin maimaici: SHIFT MODE, kibiyar ƙasa, 4, sai 1. Ki kula, jabu sun cika kasuwa, kuɗin ma yanzu ba a magana, abin da ɗalibi zai saya da kuɗin abincinsa ya zama sai ya yi rance.

Baban Lissafi:
Abu Sadik, kada ka ɗora ta a kan kalkuleta. Makin yana kan matakai, amsa tsirara maki ɗaya ko biyu za ta kawo. Ta yi tebur da hannu, gurbin x (lamba), f (maimaicinta), fx da fx², sannan ta duba da kalkuleta. Inda ake faɗuwa a teburin rukuni ma kalkuleta ba ta gani. Rukunin 10–19 tsakiyarsa 14.5 ce, iyakokinsa 9.5 zuwa 19.5, faɗinsa 10, ba 9 ba. A fomular midiyan, wato lambar tsakiya in an jera lambobi, L iyakar ƙasa ce, 9.5 ba 10 ba, F kuma tarin maimaicin rukunonin da suka gabata ne, ban da na rukunin da midiyan ke ciki.

Mai tambaya:
Ni kalkuletar waya nake amfani da ita, kuma tana ba ni daidai.

Ummu Hanan:
Da waya za ki shiga ɗakin jarrabawa?

Ɗan Tsangaya:
Ku daina ganin laifin yarinyar nan. Ana tara ɗaruruwan ɗalibai a ɗaki ɗaya ba lasifika, a cusa aikin wata huɗu cikin 'yan makonni, sannan a kawo tambayar karta ga wadda ba a taɓa shigo da karta gidansu ba. 'Yar'uwa, karta 52 ce, iri huɗu, kowane 13, iri biyu ja biyu baƙi, masu hoton mutum 12. Shawarata ki bar ɓangaren yiwuwa, ki ƙware a tebur, matsakaici, midiyan da zanen jadawali. In ana zaɓen tambaya, su kaɗai za su tsallakar da ke.

Baban Lissafi:
A'a. Mai neman canjin kwas ba E take nema ba. Kuma yiwuwar aji ɗaya ƙa'ida uku ce ke riƙe da ita. In an ce "ko", a tara, a cire abin da aka ƙirga sau biyu: a karta, K (sarki) ko mai zanen zuciya, 4/52 + 13/52 − 1/52, ya ba da 4/13. In an ce "da", a ninka, amma a duba ko ana mayar da abin da aka zara. Jaka mai ƙwallo ja 5 da shuɗi 3, a zari ja biyu a jere: in ana mayarwa 25/64, in ba a mayarwa 5/8 × 4/7, wato 5/14. In an ce "aƙalla ɗaya", nemo yiwuwar babu ko ɗaya ki cire daga 1. Miji AS mata AS, kowane ciki yiwuwar SS, wato sikila, 1/4 ce, kuma ciki ba ya tuna na baya. 'Ya'ya uku babu SS ko ɗaya, 3/4 × 3/4 × 3/4, wato 27/64. Aƙalla ɗaya SS, 37/64, kusan kashi 58 cikin ɗari. Mai hadda zai tara 1/4 sau uku ya ce 3/4, a 'ya'ya biyar kuma ya samu 5/4, alhali yiwuwa ba ta wuce 1. Kullum tambaya goma da biro, biyar tebur biyar yiwuwa, a rufe amsa sai an gama.

Abu Sadik:
Goma kullum ga mai kwas tara ko goma a wuya? Uku ma in ta riƙe ta yi ƙoƙari.

Mai tambaya:
Ni dai ba rashin karatu ne matsalata ba, kullum sai na duba handawut kafin in kwanta. Kuma malamin bai taɓa zana mana gida 36 ɗin nan ba. Yanzu wani ya ce in bar yiwuwa, wani ya ce kar in bari. Akwai mai tambayoyin bara ya turo mini?

Ummu Hanan:
Na wace makaranta? Har yanzu ko CA ɗin ba ki faɗa mana ba.